Sayar da ƙaramar mota a Tamale: Kwalliya takan ja mai saye, takarda ke ƙulla ciniki

Daga Choggu, Tamale

Tamale garin babur ne, kowa ya san wannan. Mata da maza, malaman makaranta da 'yan kasuwar Aboabo, har dattawa masu zuwa masallaci, duk a kan taya biyu suke. Shi ya sa ranar da mutum ya sayi mota, ko da 'yar ƙarama ce irin Vitz ko Picanto ko Matiz, sai unguwa ta sani, a zo a yi masa Allah ya sa alheri. To amma ranar sayarwa fa? Ba a cika maganarta ba, alhali a ranar ne ake asarar kuɗi, a ranar ne kuma zumunci kan samu tabo.

Ka zaga Choggu, ka bi ta Sakasaka, ka fita hanyar Bolga, za ka ga ƙananan motoci a gindin bishiya ko a bakin gidan mai, an manna musu takarda a gilashi da lambar waya. Da wuya ka samu wadda take yadda kamfani ya ƙera ta. Wannan an sa mata manyan wili, waccan an ɗaga ƙafarta, wata akwai tukunyar gas a but, wata kuma in ka kankare fentin gefenta za ka tarar da ruwan ɗorawar tasi a ƙasa. Mai motar yana ganin duk wani sauyi da ya yi ƙarin daraja ne. Mai saye kuwa kowane sauyi tambaya ce a wurinsa, kuma babbar tambayar ita ce: motar da ke tsaye a ƙofar gida, ita ce motar da ke cikin takarda?

Me ya sa motocin suka yawaita a kasuwa?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, keken nan mai taya uku da muke kira yalo-yalo ya ƙwace fasinjan cikin gari daga hannun tasi a 'yan shekarun nan. Tasi da dama sun rasa aiki, masu su suka yi musu sabon fenti suka fito da su a matsayin motocin gida.

Na biyu, rawar da sidi ya yi. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 ce, kafin watan Nuwamba na wannan shekarar ta haura sidi 13. A 2025 kuma lamarin ya juya, dala ta sauko daga wajen sidi 15 zuwa ƙasa da 11 cikin 'yan watanni. Tunda da dala ake sayo mota a waje, da ita kuma ake lissafin kuɗin fito a tashar Tema, wanda ya sayi motarsa lokacin tsada yana son ya fanshe, mai saye kuma yana duban farashin waɗanda suka sauka kwanan nan. Nan ake fara samun saɓani tun kafin a buɗe bonet.

Cikin masu sayarwar akwai 'yan'uwana malamai da yawa. Wani da rancen asusun malamai na ƙungiyar GNAT ya sayi motar, ana cire masa a albashi kowane wata, sai ga kuɗin makarantar yara ko ginin da ya tsaya a linta. Irin wannan ba dillali ba ne. Sau ɗaya ko biyu zai sayar da mota a rayuwarsa, don haka kuskure ɗaya ya isa ya cinye masa albashin watanni.

Sauyi na farko: kwalliya

Manyan wilin alminiyam, baƙin gilashi, sifikun da ke girgiza unguwa, allon kallo a dashbod, fitilu masu launi, salansa mai ƙara. Gaskiya mai ɗaci ita ce kuɗin waɗannan ba ya dawowa. A ce, don misali kawai, ka sayi mota sidi 60,000, ka kashe 9,000 wajen kwalliya. Kai a ranka motar ta zama ta 69,000. Mai saye kuwa daga shekarar mota da lafiyar inji yake fara lissafi, sannan ya rage abin da zai kashe ya cire wasu abubuwan da ka sa.

Kuma yana da hujja. Yawancin waɗannan motoci injinsu lita ɗaya ne ko kusa da haka, na Matiz ma akwai wanda bai kai lita ɗaya ba. In ka ɗora wa ƙaramin inji manyan wili masu nauyi, zai ƙara shan mai. Siririyar tayar da ke tafiya da irin wannan wili ba ta da naman da zai shanye duka, rami ɗaya a hanyar Kumbungu sai wili ya lanƙwashe. Baƙin gilashi a gaba kuwa, dokar hanya ta 2012, wato L.I. 2180, ba ta yarda da shi ba, jami'an MTTD kuma sun san da haka. Salansa mai ƙara ita ma saƙo take aikawa: wannan motar ta sha gudu a hannun matashi.

Dabarar da ta fi ita ce, in kana da tsofaffin kayan kamfani a ajiye, ka mayar da su, ka sayar da kayan kwalliyar daban. Yaron da ke neman wili zai biya ka kuɗin wili. Hajiyar da ke neman motar kai yara makaranta ba za ta ƙara maka ko sidi ɗaya saboda su ba.

Sauyi na biyu: wanda hanya da zafi suka jawo

Akwai sauyin da ba don ado ake yi ba. Ƙananan motocin nan an ƙera su ne don kwaltar Japan da Koriya da Turai, cikinsu kusa da ƙasa yake. Unguwanninmu kuwa jar ƙasa ce, damina ta zo ta yanka kwalbati. Sai makanike, wato fita kamar yadda muke cewa a nan, ya sa ƙarfe ko roba a kan sifirin ya ɗaga motar. Tana daina dukan ƙasa kam, amma shakazoba da sandunan da ke juya tayoyin gaba suna aiki a karkace, sukan mutu da wuri, motar kuma ba ta riƙe kwana kamar da.

Haka batun zafi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Tamale kan kai maki 40, fitoci da yawa sukan cire ɗan ƙarfen nan da ke daidaita zafin ruwan inji, su haɗa fankar lagireto kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota. Allurar zafi takan zauna ƙasa, mai mota ya ji daɗi. Sai dai injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa yakan ƙara shan mai, kuma sau da yawa wannan aikin rufe wata cuta yake yi, kamar toshewar lagireto ko gasket da ya fara ƙonewa.

Sai gas. Direbobin tasi sun daɗe suna mayar da motocinsu masu amfani da gas don rage kuɗin mai. In ƙwararre ne ya yi aikin, da tukunyar da aka ƙera don mota, an ɗaure ta da kyau, wani mai sayen zai ma so hakan. In kuwa tukunyar girki ce aka kwantar a but aka ja mata tiyo, wannan ba ragin kuɗi ba ne, wuta ce ake yawo da ita da yara a kujerar baya. Irin wannan a cire ta kafin a kira kowa ya zo duba mota.

Duk waɗannan ba abin kunya ba ne, kowa ya san hanyoyinmu. Abin da ake so shi ne ka faɗa da bakinka kafin fitan mai saye ya gano. Hausawa suka ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsala tana zuwa ne in an sayar masa da rariya da sunan ƙwarya.

Sauyi na uku: wanda ya taɓa takarda

Nan ne gizo ke saƙa. Hukumar DVLA, wadda doka mai lamba 569 ta kafa a 1999, tana riƙe da bayanin kowace mota mai rajista: lambar shasi, lambar inji, launi, da aikin da aka yi mata rajista a kai, na gida ko na haya. Duk sauyin da ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, sai an koma an gyara bayanin.

Injin mota ya buga, an sayo wani daga Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Accra an ɗora. Wannan abu ne na yau da kullum, wani lokaci ma sabon injin ya fi tsohon lafiya nesa ba kusa ba. Amma lambar da ke jikinsa ba ita ce a takarda ba. In babu rasidin wanda ya sayar da injin, kuma ba a sanar da DVLA ba, mai saye ba shi da hanyar sanin ko daga motar sata aka ciro shi. Haka launi: takarda ta ce ja, mota fara sol. Haka tasi da aka mayar ta gida: motar haya lambarta ruwan ɗorawa ce, ta gida fara, kuma ana duba lafiyar ta haya duk wata shida, ta gida sau ɗaya a shekara. Fenti kaɗai ba ya mayar da tasi motar gida.

Akwai kuma sauyin da mai motar kansa wataƙila bai san da shi ba, domin tun kafin ta iso Ghana aka yi shi. Tun ranar 4 ga Agusta 1974 ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama, shi ya sa sitiyarin motocinmu ke hagu. Japan kuwa har gobe ta hagu suke tuƙi, sitiyarinsu a dama. Sunan Vitz na kasuwar Japan ne, a Turai da Amurka Yaris ake kiran motar. Ke nan in ka ga Vitz da sitiyari a hagu, mafi yawanci juya shi aka yi, sau da yawa a garejojin Dubai. An cire dashbod, an taɓa sandar sitiyari, an matsar da fedar birki, an yanka wayoyi an sake haɗawa.

Fita mai ido yakan gane cikin minti biyar. Sandar sigina tana dama maimakon hagu. Waifa tana share gilashi ta ɓangaren fasinja fiye da na direba. Fitilun gaba, in ba a canza su ba, suna ɗaga haske ta hagu, wato cikin idon mai tahowa. Lambar shasi ma takan tona: motocin da aka ƙera don Amurka da Turai lambarsu haruffa da alƙaluma 17 ce, na cikin gidan Japan gajera ce mai ɗan layi a tsakiya. Wasu an juya su da kyau suna aiki shekara da shekaru. Wasu kuwa jakar iskar da ke kare direba ba ta ma haɗe. Mai sayarwa ya san wace iri ce tasa kafin a tambaye shi.

Haɗa takardu kafin ka sa farashi

Kafin ka ɗauki hoto ka sa a Jiji ko Tonaton ko zauren WhatsApp na unguwa, zauna ka baje takardunka a tabarma. Takardun rajistar DVLA da sunanka a kai. Takardun kwastan da ke nuna an biya kuɗin fito. Takardar lafiyar mota da ba ta ƙare ba. Inshora mai rai. Rasidin inji ko giya in an canza. Sannan ka ɗauki takardar ka je jikin motar ka karanta lambar shasi harafi bayan harafi, kamar yadda muke sa yara su duba lambar jarrabawarsu.

Takardar kwastan tana da nauyi na musamman a arewa. Muna kan hanyar Paga, Togo kuma ba nisa. Motoci sukan shigo da izinin zama na ɗan lokaci, su ɓace cikin gari, daga baya a ga sun fito da lambar Ghana. Ranar da kwastan suka tare irin wannan, wanda ke riƙe da makulli shi ke kwana a ciki. Ga kuma batun motocin sata: tun daga 2022 hukumar EOCO, tare da jami'an Amurka da Kanada, ta sha kama motocin da aka sato daga can. Galibi manyan motoci ne, amma tsoron ya shiga kowa, har mai sayen Picanto yanzu yana tambayar asali.

Inshora ma ta daina zama abin da ake ruɗin mutum da sitika. Tun 2020 hukumar inshora ta ƙasa ta buɗe rumbun bayanai na motoci, mai saye zai iya danna *920*57# a wayarsa ya sa lambar mota ya ga ko inshorar gaskiya ce. Gara kai ka fara dubawa.

Farashi, dillali da ranar biya

Ka duba abin da ake sayar da irin motarka, shekararta ɗaya, wadda ba a taɓa ba. Daga nan za ka fara, ba daga abin da ka kashe ba. Ka bar ɗan wurin ragi, domin babu Bahaushe ko Badagombe da zai saya ba tare da ya ji an ce masa “albarka” sau biyu ba. In za ka sa dillali, ku yanke la'adarsa tun farko a gaban shaida, kuma ku yarda ba zai ɗora nasa a kan farashinka a ɓoye ba. Dillalin da ya ce maka “Malam, kai dai kar ka yi magana in mai saye ya zo”, akwai abin da yake shirin faɗa da ba ya son ka ji.

Mai saye ya zo da fitansa, wannan haƙƙinsa ne, ba a cinikin biri a sama. Ku haɗu da rana a wurin da jama'a suke. In za a gwada mota, kana ciki, ɗan'uwanka kuma yana biye a babur. Kada ka miƙa takardun asali don “a je a nuna wa Alhaji”, hoto ya isa.

Wajen biya, saƙon waya ba kuɗi ba ne. 'Yan damfara sun iya tura saƙon da ya yi kama da na MoMo sak. Ka buɗe asusunka da hannunka ka ga kuɗin, ko ku shiga banki tare a zuba a gabanka. Sai kuɗi ya zauna makulli zai tashi. In kuwa biya kaɗan-kaɗan ne, irin tsarin da direbobi ke yi na aiki kana biya, a rubuta komai: nawa aka bayar, nawa ya rage, ranar ƙarshe, wa zai gyara in ta lalace, wa zai biya inshora. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya ce “haba, tsakaninmu har sai an rubuta?” ka ce masa don tsakanin namu ya ɗore ne.

Ciniki bai ƙare ba sai suna ya canza

Wannan shi ne wurin da aka fi sakaci. An biya, an yi addu'a, an raba goro, mai saye ya ja mota ya tafi Walewale ko Yendi, sunan mai sayarwa kuma yana nan daram a DVLA. Shekara biyu bayan haka motar ta canza hannu sau uku. Ranar da ta kaɗe mutum direba ya gudu, ko aka kama ta da kayan da bai kamata ba, 'yan sanda lamba za su bi, lamba kuma ƙofar gidanka za ta kawo su. Ko da daga ƙarshe ka wanke kanka, ka sha zaryar ofishin 'yan sanda, unguwa kuma ta ga an zo ɗaukarka.

Shi ma mai saye yana cikin haɗari. In wanda sunansa ke takarda ya rasu, ko ya yi ƙaura, canjin suna ya zama aiki ja, wani lokaci sai an nemo magada. Mota tana hannunka, amma a idon hukuma ta wani ce.

Maganin ɗaya ne: ku je ofishin DVLA na Tamale tare, kai da shi da motar, kowa da Ghana Card ɗinsa, a duba lambobi a canza suna. Ku yanke tun wajen ciniki wa zai biya kuɗin canjin. Ku shiga ciki da kanku ku karɓi rasidin hukuma. 'Yan tsakiyar nan da Ghana duka ke kira “goro boys” za su ce za su gama maka cikin awa ɗaya, amma takardar da ba ta shiga kwamfutar hukuma ba, takarda ce kawai. Ka ajiye kwafin yarjejeniyar sayarwa mai ɗauke da rana da sa'a da sa hannun shaidu biyu, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka cewa motar ta bar hannunka.

Faɗin aibi

Wani zai ce, in na faɗi duk wannan wa zai saya? Dokar cinikin kaya ta Ghana ta 1962, mai lamba 137, ta ɗora wa mai sayarwa sharaɗin cewa kayansa ba su da aibin da bai bayyana ba kuma mai saye bai sani ba. Ta yi sassauci ga wanda ba sana'arsa ba ce, amma a kan aibin da shi ma bai sani ba kuma ba yadda zai sani. Wanda da kansa ya kai mota aka canza inji ba zai ce bai sani ba. Wanda ya yi karatun Risala a zaure kuwa ya riga ya ji wannan a babin ciniki: ɓoye aibi haramun ne, kuma mai saye in ya gano yana da zaɓin mayar da kaya. Dokar ƙasa da fiƙihun Malikiyya a nan bakinsu ɗaya.

Ban da doka ma, akwai lissafin zaman tare. Mu Hausawan Tamale ba mu da yawa. Wanda ka sayar wa mota yau, gobe za ku haɗu a sahu ɗaya ranar Juma'a, ko a wurin suna a Zango, ko ka tarar ɗansa ne ke zaune a ajinka. Sidi dubu biyu ko uku da ɓoye aibi zai ƙara maka ba za su sayi sunan da za ka rasa ba.

Saboda haka ɗauki takarda guda ka rubuta duk abin da aka sauya a motar, da shekarar da aka yi, da garejin da ya yi. Ka miƙa wa mai saye tun kafin ya buɗe bonet, ku sa hannu a kai ku biyu ranar biya. Wasu za su karanta su juya, ba komai. Wanda ya karanta ya tsaya, shi ne mai sayen da ba zai dawo maka da rigima ba. Allah ya sa a sayar a sa'a, ya ba mai saye lafiyar hawa.